Yadda Ake Gane Wuƙar Soja ta Yaƙin Duniya na Biyu da Aka Yi wa Gyaran Hannu, Ta Gaske ce ko Jabu

Wuƙar soja da take nan yadda ta fito daga masana'anta ba ta da wuyar tantancewa, domin akwai dubbai irinta da za a kwatanta ta da su. Wadda ke ba masu tara kayan tarihi ciwon kai ita ce wadda wani ya sa wa hannu: an zana suna a ruwanta, ko an cire ƙotarta ta asali an yi mata wata da gilashin jirgin sama, ko an datse banati an mai da shi wuƙa. Irin wannan ba ta da ta biyu. Abin da ke sa ta tsada ke nan, kuma ta nan 'yan damfara suke shigowa. Jabun da ya fi wuyar kamawa tsohuwar wuƙa ce ta gaske, wadda aka ƙara wa suna ko ado shekaru da yawa bayan an gama yaƙi don kuɗinta ya ninka.

Don haka kada ka yi wa wuƙar tambaya ɗaya. Uku ne, kuma kowacce da amsarta daban. Ita wuƙar ta zamanin yaƙi ce? Gyaran da ke jikinta a zamanin aka yi shi? Wanda aka rubuta sunansa ya taɓa riƙe ta? Sau da yawa amsar farko e ce, sauran biyun a'a.

Abin da za ka tanada

Gilashin ƙara girma mai ninki goma, ƙaramar tocila mai ƙarfi, tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun takardar kuɗi da ita, ma'aunin inci da farin ƙyalle mai tsabta. Ka yi aikin da rana, kusa da taga. Kada ka kwance notin da ke ƙarshen ƙota, kada ka goge komai kafin ka gama dubawa. Dattin da ke lungunan wuƙar shaida ne, in ka share shi ba ya dawowa.

Fara da wuƙar, ka manta da adon

Rufe sunan da ɗan yatsa, ka gane wace irin wuƙa ce kafin a taɓa ta. Wadda aka fi yi wa jabu ita ce ta kwamandojin Ingila, Fairbairn-Sykes, mai kaifi biyu. William Fairbairn da Eric Sykes, tsofaffin 'yan sandan Shanghai, su suka kai tsarinta kamfanin Wilkinson Sword a Landan cikin Nuwamban 1940, kuma a lokacin yaƙin ta fito iri uku.

Ta farko ba ta daɗe ana yinta ba, an daina a watan Agustan 1941, shi ya sa ta fi tsada kuma aka fi kwaikwayonta. Makarin hannunta, wato ƙarfen da ya gicciya tsakanin ruwa da ƙota, a lanƙwashe yake kamar harafin S. A gindin ruwan akwai ɗan fili shafaffe da ba a wasa ba, inda aka zana tambarin Wilkinson a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma "The F-S Fighting Knife". Ƙotar tagulla ce mai ƙananan zane masu gicciye da juna, an shafe ta da farin ƙarfe. Ta biyu makarinta miƙaƙƙe ne, tsawonsa kamar inci 2, babu wancan shafaffen fili, kaifin ya tafi har jikin makari, ƙotar tana nan ta tagulla. Ta uku, wadda ta cika ko'ina daga 1943, ƙotarta zubi ce ta haɗin tutiya mai zobba 27 a jere, kuma a yawancin na lokacin yaƙi za ka ga ƙaramar lamba ɗaya, daga 1 zuwa 4, kusa da ƙarshen ƙotar, lambar mazubin da aka zuba ta a ciki. Ruwan ta biyu da ta uku ya kusa inci 7. In ka auna ka ga ya gaza sosai, ko an karya tsini an sake wasawa ko ba ita ba ce.

Wata dabara da ake yi ita ce a ɗauki ta biyu a lanƙwasa makarinta, a ce ta farko ce. Gindin ruwan ne zai tona asiri, domin ba a iya mayar da ƙarfen da aka riga aka wasa.

Duba notin ƙarshe da gilashi. A masana'anta ana matse shi da ƙarfen matsi, sai haƙoran matsin su bar shaida a gefensa, sannan a daddake kan jelar wuƙar, wato siririn ƙarfen ruwa da ya ratsa cikin ƙota, inda ta leƙo don kada notin ya kwance. In wurin ya yi duhu daidai da sauran jikin, ba a taɓa buɗe ta ba. In ka ga sabon ƙarfe yana ƙyalli, ko shaidar filaya a kan tsohuwar shaida, an kwance ta, kuma mai yiwuwa ruwan wata ne da ƙotar wata.

A jikin makari ko ƙota akan ga alamar kibiya ta gwamnatin Ingila da lambar mai duba kaya, kamar B2. Kalmar ENGLAND kuma tana rikita mutane. An buga ta ne a kan rarar wuƙaƙen yaƙi da aka sayar zuwa Amurka bayan an gama, saboda dokar can ta ce kayan waje su nuna ƙasar da suka fito. Wuƙar na iya zama ta zamanin yaƙi sarai, amma daga ɗakin ajiya aka fito da ita aka sayar. In ka ga ENGLAND tare da sunan kwamando da sunan wani fagen fama na 1942, labarin bai haɗu ba.

Na Amurka ma suna da nasu tsarin. Wuƙar M3 ta fito a 1943, ruwanta inci 6 da kashi uku cikin huɗu, ƙotarta faifan fata ne da aka jera aka matse. Na farko suna da sunan kamfani da 1943 a ruwa, daga baya aka cire shekarar, daga ƙarshe aka mai da tambarin kan makari. Mark 2 ta sojan ruwa, wadda aka fi sani da Ka-Bar, inci 7 ce, kamfanoni irin su Camillus, Union Cutlery, Robeson da PAL suka yi ta, ita ma tambarinta ya koma kan makari a ƙarshe-ƙarshen yaƙi. Amfanin sanin wannan shi ne, wuƙa mai tambari a makari ba za ta ɗauki rubutun 1942 ba.

Kayan da aka yi gyaran da su

Sojoji ba don ado kawai suka riƙa sauya ƙota ba. A tsibiran Fasifik danshi da ruwan gishiri suna ruɓar da faifan fata, sai ƙota ta saki. Masu injin juya ƙarfe a jiragen ruwa da makanikan filayen jirgin sama su ne suka riƙa yin sabuwa da abin da ke hannu: Plexiglas na tagogin jirgin da ya lalace, alminiyon na jikinsa, tagullar kwanson harsashi, Bakelite da Micarta, tsofaffin nau'o'in roba mai tauri na allunan lantarki, wani lokaci har da kwabbai. Ruwan kuma akan yi shi da tsohon magagari, ko sifirin na mota, ko banatin Japan da aka datse.

Ƙa'idar guda ce: abu mafi sabunta a jikin wuƙar shi ke faɗin lokacin da aka yi aikin. Kwabo mai ɗauke da 1951 a ƙarshen ƙota ya rufe magana. Haka gindin kwanson harsashi, wanda sau da yawa yake ɗauke da lambobi biyu na shekarar da aka yi shi. Amma kada ka juya ƙa'idar, kwabon 1942 ba ya tabbatar da komai, har gobe ana samunsa a kasuwa.

Sai manne. A zamanin yaƙi ana jera faifan ne a kan jela, a matse su da noti ko a daddake ƙarshen, ko a sa fil. Gam mai ƙarfi irin Araldite sai bayan yaƙi ya shiga kasuwa, Super Glue kuwa sai 1958. Haska shuɗiyar tocilar a tsakanin faifan cikin duhu. In siririn layi ya haskaka a kowace gaɓa, an manne su ne da gam na zamani. In a wuri ɗaya ne kawai, mai yiwuwa gyaran baya ne aka yi wa tsohuwar ƙota, wannan yana rage kuɗinta amma bai mai da ita jabu ba.

Tsohon Plexiglas yana da ƙananan tsage-tsage kamar gashi a cikinsa, da ƙarce ta kowace fuska, kuma datti da man hannu sun shige tsakanin faifan sun yi duhu. Kaurin faifan ba ya cika zama ɗaya, tunda daga guntaye daban-daban aka yanko su. In duk kaurinsu ɗaya ne, gefensu sumul, launinsu mai ɗaukar ido irin na allunan talla na yau, ka yi hattara. Bakelite kuma in ka murza shi da babban yatsa har ya yi ɗumi yana fitar da wani wari mai kama da na magani. Robar zamani ba ta yi. Ƙotar alminiyon da aka zuba a yashi tana da 'yan ramuka da shaidar magagari, launinta toka-toka ne marar ƙyalli. Ka kuma sani cewa a Ostareliya da New Zealand ƙananan masana'antu sun yi wuƙaƙe masu ƙotar alminiyon suna sayar wa sojojin Amurka. Na zamanin ne, amma ba aikin hannun soja ba ne, kada a caje ka kuɗin wancan.

Tsufa ya tafi tare

Nan ne ido ya fi aiki. Wuƙar da ta shekara 80 a haɗe, duk sassanta sun tsufa tare, kuma sun tsufa a inda ya kamata. Hannu yana cin tudu ya bar kwari, don haka saman zobban ƙota zai yi haske, tsakaninsu ya yi duhu. Mai tsufar da kaya da gangan yakan shafe ko'ina bai ɗaya, ko ya bi da takardar yashi ta fuska guda.

Tsohuwar tsatsa baƙa-baƙa ce, ta zauna daram, ramukanta ba su da tsari, wasu manya wasu ƙanana, sun fi yawa kusa da makari da inda kube ke riƙe danshi. Sabuwa ja ce kamar jar ƙasa, in ka goga farin ƙyalle za ta bi shi. Wadda aka jawo da ruwan gishiri ko asid tana barin ramuka masu girma ɗaya a duk faɗin ruwan. Koren da ke fitowa inda tagulla ta haɗu da fata, na gaske yana da danƙo kamar kakin zuma kuma a gaɓar kawai yake. Na haɗi gari-gari ne, har a wuraren da hannu ke gogewa kullum za ka gan shi. In ruwan baƙi ne, murza shi da yatsa ka sansana. Ruwan baƙanta ƙarfe da ake sayarwa a kwalba yana barin wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yakan shiga cikin ramukan tsatsa da ƙarce, abin da baƙin masana'anta ba zai yi ba tunda ya riga su zuwa.

Leƙa gaɓar makari da ƙota da tocila. Sabuwar ƙota a kan tsohuwar wuƙa takan bar gurbin tsohuwar a fili, wani da'ira mai launi daban a jikin makari. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, tunda dama sauyawa aka yi. Abin dubawa shi ne ko datti da tsatsa sun ɗinke gaɓar, ko kuwa tas take.

Rubutun

A lokacin yaƙin Wilkinson da kansa yakan zana wa mai saye sunansa a ruwan wuƙa, cikin zanen ƙyalle mai naɗaɗɗun baki, in ya ƙara ɗan kuɗi. Hafsoshi da sojojin Amurka da Kanada da suka biyo ta Landan sun yi haka sosai. Da asid ake wannan zane, kuma a gilashi ƙasansa tsakuwa-tsakuwa ne, bakin haruffan ba su miƙe sak ba. Ka kwatanta shi da tambarin kamfanin da ke jikin wuƙar: zurfinsu da launinsu da yadda suka goge su zo ɗaya, domin lokaci guda aka yi su. Zanen suna irin na Wilkinson a kan wuƙar da ba ta da tambarin Wilkinson abin tuhuma ne.

Zanen leza kuwa, wadda ba a ma ƙirƙiro ta ba sai 1960, a gilashi yana nuna siraran layuka a jere ko ɗigo-ɗigo masu tazara ɗaya, zurfinsa bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Haruffan kwamfuta ma suna tona kansu: in harafi ɗaya ya fito sau biyu a cikin suna kuma ba su bambanta ko kaɗan ba a rubutun da aka ce na hannu ne, inji ne ya yi.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na wa ya riga wa. Nemi inda harafi ya haɗu da ramin tsatsa ko tsohon ƙarce. In tsatsar ta ci bakin harafin ta shiga cikinsa, harafin ya riga ta. In harafin ya ratsa ramin da bango mai tsabta, tsatsar ta riga shi, wato an yi rubutun a kan wuƙar da ta riga ta tsufa. Masu dabara sukan cusa baƙin man takalmi ko toka a cikin sabon zane. Tsinken sakace zai fito da shi da laushi, alhali dattin shekaru ya bushe ya kama.

Haruffan da aka buga da guduma ɗaya bayan ɗaya sukan tada ɗan tudu a gefensu. A tsoho tudun ya goge ya kwanta, a sabo yana kama farce. Kuma ruwan wuƙa ƙarfe ne da aka ba wuta ya yi tauri, ba ya karɓar bugu da sauƙi, shi ya sa sojoji suka fi sa suna a makari, ƙarshen ƙota ko kube.

Sannan ka karanta abin da aka rubuta da idon tarihi. USAF a kan wuƙa mai 1944 kuskure ne, rundunar saman Amurka ba ta zama mai cin gashin kanta ba sai 1947. NATO sai 1949. Adireshi mai lambar gidan waya ta Amurka mai lambobi biyar sai 1963. Ka kuma lura cewa jabu yana son manyan sunaye. Rubutun gaske galibi gajere ne, harufan suna da lamba, saboda manufarsa kada abokin ɗaki ya ɗauke. Wuƙar da ta jera suna da muƙami da shahararriyar runduna da shahararren fagen fama duka a wuri ɗaya, ita ce za ka fi tsananta wa bincike.

Kube

Sa wuƙar a kubenta ka zare a hankali. Fatar da ta daɗe da wuƙa ta ɗauki siffarta, makarin ya bar gurbi a bakin kube, ƙotar ta bar duhu a inda take jingina. In gurbin bai dace da wannan makarin ba, daga baya aka haɗa su. Kuben Fairbairn-Sykes yana da ƙarfe a ƙarshe da 'yan kunnuwan fata na ɗinkawa a wando, ta farko madaurinta fata ne mai maɓalli, ta biyu da ta uku roba ce mai talewa, wadda a yau galibi ta saki ko ta tsinke. Roba mai ƙarfi kamar jiya aka sa ta, to jiya aka sa ta. Zaren ɗinki na auduga ne ko na lilin. Farin zaren da ke walƙiya a shuɗin haske yana nuna sinadarin ƙara fari da ya yaɗu daga shekarun 1950, sai dai rashin walƙiya ba hujja ba ce, zaren lilin yana nan a kasuwa.

Mutumin da ke bayan sunan

A lokacin yaƙin, lambar shaidar ƙaramin sojan ƙasa na Amurka galibi lambobi takwas ce a jere. Mai farawa da 1 wanda ya shiga da kansa ne, 2 dakarun jihohi, 3 ko 4 wanda aka kira dole, hafsa kuma lambarsa tana farawa da harafin O. Sau da yawa soja yakan sa harafin farko na sunan gidansu da lambobi huɗu na ƙarshe kawai. A Ingila kuwa an raba wa kowace runduna jerin lambobinta tun 1920, kuma kwamando yana riƙe da lambar rundunarsa ta asali, don haka ana iya gwada lamba da rundunar da aka ambata. Ma'adanar takardun tarihi ta Amurka ta sa bayanan shiga soja na miliyoyin mutane a intanet, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ma tana da sunayen waɗanda suka mutu.

Hattara biyu a nan. Rashin samun suna ba ya nufin ƙarya, gobarar 1973 a ma'adanar fayilolin sojoji da ke St. Louis a Amurka ta cinye mafi yawan fayilolin sojan ƙasa na wancan zamani. Samun sunan ma ba ya nufin gaskiya, domin inda ka duba nan mai jabu ya kwafo. Abin da ke ɗaure wuƙa da mutum shi ne takardar iyali mai bayyana wannan wuƙar takamaimai, ko tsohon hoto da ake ganinta a ƙugunsa, ko rasit na gwanjo na da can.

Wannan ya shafi gidajenmu ma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, wato Myanmar ta yau, kuma bataliyoyin Najeriya uku sun shiga cikin dakarun Chindit, sojoji na musamman masu kai hari a bayan layin Japanawa, a 1944. Ƙarfen da aka fi sanin waɗannan sojoji da shi a dajin adda ce. In aka kawo maka wuƙar kwamando aka ce ta wani tsohon sojan Bama ce, nemi littafin sallamarsa ka gwada lambar da ke ciki da ta jikin wuƙar. Lambar yabo ta Burma Star kaɗai ba ta isa ba, tunda Ingila ta raba ta ba tare da suna a jiki ba. In kuma ta gidanku ce, ka rubuta abin da dattawa suka sani game da ita yanzu, da sunan mai faɗa da kwanan wata, ka ajiye tare da takardunsa.

In daga nesa za ka saya

Nemi hotuna a hasken rana: fuskokin ruwa biyu, noti daga sama, makari ta sama da ta ƙasa, rubutun daf da daf daga gefe yadda inuwa za ta nuna zurfinsa, da bakin kube. Mai sayarwa ya rubuta maka abin da yake da'awa da sharaɗin mayarwa in ya zama ba haka ba. Takardar shaida da shi mai kayan ya buga da kansa ba ta ƙara komai. Wajen ciniki, biya kuɗin abin da ka tabbatar kawai: in wuƙar ce ta tabbata, sunan bai tabbata ba, kuɗinta na marar suna ne, har ma ƙasa da haka in ka gano sabon zane ne, tunda an ɓata ta. Ka binciki dokar ƙasarka da ta kwastan kafin a aiko, ƙasashe da dama suna hana shigo da wuƙa mai kaifi biyu ko mai ƙotar naushi.

Da ta zo hannunka kada ka wasa ta, kada ka sa mata man goge tagulla. Share ƙura da busasshen ƙyalle, ka shafa wa ƙarfen siririn kaki irin Renaissance Wax. Ajiye ta a wajen kube, domin fata tana riƙe danshi kuma tana cin ƙarfe. Da damina sa 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi a cikin akwatin, da hunturu kuma ka nisanta kuben da rana da iska don kada fatar ta tsattsage. Ƙotar Plexiglas kada sifirit ko fetur ya taɓa ta, suna sa ta tsage daga ciki. Ƙotar tutiya da ta fara kumbura ko fashewa, kamar yadda wuƙar da kamfanin Camillus ya yi wa Marine Raider, kwamandojin sojan ruwan Amurka, a 1942 ta yi suna da shi, ba ta da magani, sai dai a ajiye ta a busasshen wuri a rage taɓa ta.